Tabkin da Maza Ba Sa Shiga

Ban taɓa zaton zan rayu in ga an sayar mini da kifin ƙanƙara a Nguru ba, amma na gani. Jikata ce ta dawo da shi daga kasuwa a leda, ya sandare kamar itace, idonsa fari fat, wai daga teku aka kawo shi. Na juya shi, na shinshina, ban ji ƙamshin ruwa ba, ban ji na laka ba. Na ce mata, “Wannan kuma wace uwa ta haife shi?” Ta yi dariya ta ce, “Kaka, ai shi ne mai araha yanzu.” A yinin nan ne kuma wata 'yar ƙauyenmu da ta zo asibiti ta biyo gaishe ni. Muna cikin hira ta ce ai an kusa ba da tabkin mata, wasu baƙi ne daga ƙasar waje za su zuba jari, su yi kiwon kifi a ciki, su gina masaukin masu yawon buɗe ido a bakinsa. Ta faɗi maganar kamar mai ba da labarin tsadar gishiri. Ni kuwa tun daga ranar ban zauna ba. Rubutuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya, sai a yi haƙuri da shi. So nake dai 'ya'yanmu su san abin da ake shirin bayarwa.

Ƙauyenmu yana can bayan Dagona, a ƙasar Bade. A zamanin da nake magana, ruwa ne ke gaya mana lokaci. Idan damina ta yi nisa sai kogi ya tumbatsa, ya bi fadama ya kewaye gari, har gonar shinkafa ma sai da kwalekwale. Idan kaka ta wuce sai ya fara ja da baya a hankali, yana barin tabkuna nan da can, kowanne da kifinsa a ciki. Da asuba ba zakara ke tashinmu ba, kukan kirinjijiya ne, garke guda suna wucewa ta saman ɗakunanmu. Can sai ka jiyo masunta, kowa ya kifa cikinsa a kan gora yana iyo da homar kamun kifi a hannu, in ya jefa kifi a bakin goran ka ji ƙum daga nesa. Mu 'yan mata aikinmu itace, da ɗiban ruwa, da tsintar bado, da riƙe wa iyayenmu kifi suna farkewa. Hayaƙin banda ya kama mana gashi, ya kama zane, ko an wanke yana nan. In mun je kasuwar Gashuwa 'yan matan gari su riƙa toshe hanci suna yi mana dariya, mu kuma ko a jikinmu, don mun san motocin kudu da ke jere a bakin kasuwa kifinmu suke jira. Yanzu yaro sai ya girma a ƙauyen nan bai iya hawa gora ba. Ƙarar da ake ji da safe ta injin ban-ruwa ce da ta babur.

A bayan gari, bayan wata kurmin giyayya, akwai wani ɗan tabki da bai kai sauran girma ba. Shi ne tabkin mata. Tun kakannin kakanni maza ba sa shigarsa. Mata kan shiga da ɗaurin ƙirji, su jiƙe sharkaf, don haka namiji mai mutunci ko hanyar ba ya bi. Wanda aka ce an gan shi a ciki kuwa, ya shiga uku da waƙar yara har ya tsufa. Da zarar ruwa ya ja, uwar tabki, dattijuwar da ke kula da shi, za ta ƙulla kaba a reshen giyayya, shi ke nan an rufe, ko yarinya ba ta isa ta tsoma kwando ba. Haka zai zauna duk lokacin sanyi, kifi yana girma. Sai bazara ta yi tsanani, rumbuna sun fara nuna gindi, sannan a kwance kabar. Uwar tabki ta kifa ƙwarya a kan ruwa ta buga, mata su faɗa da guɗa, kowace da kwandonta marar gindi, tana kifawa tana zura hannu ta sama. Tarwaɗa, karfasa, kurungu mai ƙaya da ke sa mace ihu. Kifin farko da kowace ta kama ba nata ba ne, a babbar ƙwarya ake zubawa, a kai wa masu takaba da tsofaffin da ƙafa ta ƙi. In ruwan ya ƙafe kuma a bi laka ana haƙar gaiwa. Da wannan ake kai wa shuka.

Na san daɗin tabkin nan fiye da wasu, domin mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, Iya ta zauna da mu a gidansa. Uwar tabki a lokacin Gwaggo ce, yayar mahaifina, 'yar guntuwar tsohuwa mai ƙaramar murya, ba ta faɗa ba ta zagi. In ta ga yarinya ta kama ƙaramin kifi sai ta ce, “Mayar da shi, uwarsa na nemansa.” In mace ta yi wayo ta zuba ɗan mitsitsi a babbar ƙwarya ta ɓoye babban, Gwaggo ba ta tona ta, sai dai ta dube ta ta ce, “Allah ya ba mijinki tsawon rai.” Matar ta sunkuya ta sake zubawa.

Ina budurwa Turawa suka fara zuwa. Da sanyi suke zuwa, cikin mota mai tsayi, da abin hangen nesa rataye a wuya. Mun ɗauka harbi za su yi, sai muka ga kallo kawai suke yi, su wuni a rana suna kallon dinya da zalɓe. Akwai wata Baturiya a cikinsu, doguwa, fatarta ta yi ja don rana, muka sa mata Uwar Dinya. Tana da fara'a, tana gaishe mu da Hausarta mai ban dariya. Daga baya aka ji cewa so suke a ware wani ruwa a bar wa tsuntsaye, a kuma hana taru mai ƙananan ido, wai idan tsuntsaye suka yi yawa baƙi za su riƙa zuwa daga ƙasashe, gari ya samu. Aka tara maza a gindin tsamiya. Sarkin ruwa a lokacin Kawu ne, yayan Iya. Tsoron maza ɗaya ne, kada a taɓa babban tabki inda suke samun na cefane da na aure. Sai suka waiga suka ga ruwan da babu ɗayansu da ya taɓa ci daga cikinsa, suka nuna shi. Ba mugunta ba ce. Abin da namiji bai taɓa sa wa ƙafa ba, a idonsa fili ne kawai. Suka dawo gida suna murna sun yi wa Bature wayo, babu wanda ya ga dalilin gaya wa matarsa.

Ranar buɗewa muka fita da kwanduna da ƙore, sai muka tarar da masu gadi biyu a bakin kurmi, baƙi ne, ba 'yan garinmu ba. Suka ce an hana, ruwan tsuntsaye ne yanzu. Wata ta yi gardama aka karɓe kwandonta aka taka. Na ga Iya ta zauna a ƙasa ta dafe kai. A rumbunmu a lokacin abin da ya rage ba ya kai mu shuka. Mata suka fara hayaniya, wasu na cewa a faɗa da ƙarfi. Gwaggo ta ɗaga hannu ta ce, “Ku ɗauki kayanku. Waɗannan aiko su aka yi. Namu na gida.”

Bayan 'yan kwanaki maza suka buɗe babban tabki. Wannan ita ce ranarsu mafi girma a shekara, 'yan kasuwa sun zo da kwalaye, Allah kuma ya ba da kifi har kwalekwale na neman nutsewa. A al'ada kafin su fito mata sun jeru a bakin ruwa da wuƙaƙe, an haɗa wuta a kowane banda, domin kifin bazara ba ya jiran kowa, in rana ta take ya fara kumbura. Ranar nan suka fito ba mace ko ɗaya. Gari tsit, ba hayaƙi. Muna tsakar gida muna tsince shinkafa Kawu ya yi sallama, wandonsa a jiƙe har cinya.

Ya ce da Gwaggo, “Yaya, lafiya babu hayaƙi a garin nan?”

Ta ce, “Lafiya lau, Sarki. Itacenmu ne ya jiƙe.”

“A bazara?”

“To, ka sani ko tsuntsaye ne suka yi fitsari a kai? Ai yanzu su ne masu gari.”

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, “Kifin mutane zai ruɓe a kan wani ɗan kududdufi?” Ya juya wajen Iya. “Har da ke, ƙanwata?”

Iya ba ta ɗago ba. Ta ce, “Yaya, yaran nan da kake gani, daga bazara zuwa shuka me kake tsammani suke ci?”

Ya ce, “Ai da kin faɗa, ni mai ba ki ne.”

Ta ce, “Na sani. Tun da ubansu ya rasu ban taɓa zuwa ƙofarka da ƙwarya ba, kai kuma ba ka taɓa tambayar dalili ba. To, dalilin ne ka ba Bature.”

Ya juya ya fita. Maza suka gwada yi da kansu. Wasu suka ƙona, wasu suka bar ciki bai fita ba, ƙuda ya taru kamar hadari. Kafin la'asar wari ya cika gari. Ba zan ɓoye ba, an yi asara ranar nan, kuma asarar tamu ce mu duka, akwai matan da suka sha zagi a ɗakunansu. Amma babu wadda ta ƙyasta ashana.

Washegari da hantsi Kawu ya zo da Uwar Dinya, wadda ba ta riga ta koma ƙasarsu ba, da tafintanta har ƙofar gidanmu. Gwaggo ta shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Baturiyar ba ta zo da fara'a ba. Ta ce tsuntsayen nan daga ƙasarsu suke tasowa, su ƙetare teku da hamada, in suka iso ba su sami wurin hutawa ba mutuwa za su yi. Ta ce ta ga yadda taru mai ƙananan ido ke kwashe uwa da 'ya'ya, in ba a tsaya ba wata rana babu kifin da kowa zai kama. Gwaggo ta ce a gaya mata wannan gaskiya ce, ta ƙara wa mazan faɗa a kai. Sannan ta ce a tambaye ta yaushe baƙin nata masu fukafukai ke komawa gida. Baturiyar ta ce da zarar zafi ya fara. Gwaggo ta ce, “To, mu sai zafi ya gasa mu muke shiga. Duk sanyin nan wa take tsammani ya hana a tashe su? Ba ta ga kabar ba?” Aka daɗe ana ja. Baturiyar tana so a ce an hana gaba ɗaya, don shi ya fi sauƙin tsaro. Gwaggo ta ce sauƙin nata ne, yunwar tamu. A ƙarshe aka tsaya a kan tabki na tsuntsaye ne da sanyi, na mata ne da bazara. Kafin azahar hayaƙi ya tashi a kowane gida. Kawu kuwa sai da damina ta sauka kafin ya sake yi wa Iya magana.

Daga baya na yi aure a Nguru, na haifi nawa, na aurar. Gwaggo ta rasu, Iya ta bi ta. Turawan suka rage zuwa har suka daina. Ruwa ma ya sake hali tun da aka tare shi can sama, wani wuri ya ƙi zuwa, wani wuri ya zo ya ƙi tafiya. Kacala, doguwar ciyawar nan mai cinye ruwa, ta shiga tabkin ta rufe shi, sai ɗan ido a tsakiya. Ba a sake samun mai ƙulla kaba ba.

Da na ji zancen masu jari na shiga motar Gashuwa, daga nan na hau bayan babur da tsufana. A hanya ina ta tunanin banda, sai da na isa na ga wannan makamin ya fita daga hannunmu. Yanzu samari ke banda, sauran kifin kuma 'yan kasuwa ke saye ɗanye a bakin ruwa su zuba a ƙanƙara. Ko mata sun naɗe hannu shekara guda babu kifin da zai ruɓe. Amma masu ci daga tabkin suna nan, sun ma fi na da yawa. Akwai zawarawan gari, akwai matan da rikicin gabas ya koro da marayu. Suna kutsawa cikin kacala, tana yanka musu hannu, su fito da 'yar tarwaɗa. Na tara su na ce mu je taron. Wata mai goyo ta ce, “Kaka, su waye mu? An ce magana ta riga ta ƙare.” Na ce, “Ku dai ku zo ku zauna. Magana ni zan yi.”

Abin da na dogara da shi ɗaya ne. Sarkin ruwa na yanzu ɗan Kawu ne, wato taubashina. Tun muna yara ba mu gama gardamar wane ne bawan wani ba. Abin da wata mace ba ta isa ta faɗa masa a gaban mutane ba, ni zan faɗa, kuma al'ada ta hana shi fushi.

A gindin tsamiya aka zauna. Baƙin su biyu ne, da hulunan rana da robobin ruwa, tare da wani mai babbar riga daga birni yana yi musu tafinta. Maganarsu ba ta banza ba ce. Sun ce za su kawo inji ya yanke kacala, za su ɗauki samari aiki, za su haƙa rijiya, baƙi za su dawo kallon tsuntsaye. Sai dai za a kewaye tabkin da waya, ba mai shiga sai ma'aikaci. Samari suna ta gyaɗa kai, ban ga laifinsu ba, zaman banza ya ishe su. Taubashina ya gyara rawani ya ce ai tabkin ya mutu, ba mai amfani da shi, shi a matsayinsa na sarkin ruwa ya amince.

Na matsa na zauna a gefen tabarmarsa. Na ce, “Bawana, sannu da kyauta.”

Ya ce, “Wa ya kwance wannan baiwar daga turke? Ki bari baƙi su tafi in ba ki goro.”

Na ce, “Tambaya ɗaya ce, ranka ya daɗe, a fassara wa baƙi. Tabkin nan da kake bayarwa, ka taɓa shigarsa?”

 In ya ce ya shiga, kafin magariba yaran gari sun sa shi a waƙa, da rawaninsa da jikokinsa. In ya ce bai shiga ba, to me ya haɗa shi da shi? Ya dube ni, ya dubi dattawa, wani tsoho ya riga ya toshe baki da hannun riga.

Ya ce, “Allah ya kiyaye! Ni?”

Dariya ta ɓarke. Na ce, “Ubanka ma bai shiga ba, Allah ya jiƙansa. To ka ba su babban tabki mana, shi ne ka san zurfinsa.”

Ya ce, “Ke dai ba ki da mutunci.”

Na ce, “A gidan kawuna na koya.”

Baƙin suka nemi a gaya musu abin da ake wa dariya. Da aka fassara, babbansu ya ɓata fuska ya ce su an gaya musu wurin ba na kowa ba ne. Na nuna masa matan da ke zaune a rana, na ce su ɗaga hannuwansu ya ga yankan kacala. Mai babbar riga ya ce, “Hajiya, ruwa ai na gwamnati ne.” Na ce, “Madalla. Gwamnati ta san mu, mun sha yi mata layi a rana muna dangwala yatsa.” Sannan na gaya musu ba korarsu muke yi ba. Su kawo injinsu, su gina masaukinsu a kan tudu, su haƙa nasu ramin kifin, su kawo baƙinsu da sanyi, za mu rufe tabki kada a tashi tsuntsu ko ɗaya. Amma ba waya, kuma in bazara ta yi mata za su shiga. Suka yi magana da yarensu. Suka ce ba haka aka shirya ba, za su je su dawo. Suka shiga mota ba su yi sallama da ni ba.

Ban ce mun ci ba. Suna iya komawa ta sama su dawo da ƙarfin da ya fi namu. Ina tafiya gida wani saurayi ya ce, don in ji, “Tsohuwa ta ƙoshi a birni ta zo ta hana mu aiki.” Maganar ta yi mini zafi, don a haife na yi jika da shi, kuma yunwarsa gaskiya ce. Na kira shi na ce in sun dawo a kan sharaɗinmu, ni da kaina zan sa baki a ɗauke shi. Ya juya ya tafi.

Abin da na gane shi ne, muddin kacala na rufe da tabkin nan, kowa ya zo zai ce ya mutu. Don haka da gari ya waye muka fita da lauje. Mun fara mu kaɗan, washegari muka ƙaru. Na ga matar taubashina da 'ya'yansa mata sun zo da sababbin laujuna, irin waɗanda ba mace ke saye ba. Ni ba na iya yanka da yawa, ina tsaye dai a ruwa ina jan abin da suka sare. Da yamma hannuwana sai an gasa mini da ruwan zafi.

Jiya babban ɗana ya kira daga Nguru, ya ce wai yaushe zai turo a ɗauke ni, yara na tambaya. Na ce ya aiko mini da gidan saurona da maganin ƙafa. Mun kai ruwan gwiwa, kuma da sauran kacala a gaba.